Fiton Turbo a Hanyar Gazara

Saminu bakanike ne a Makarfi. Bayan isha'i ya ɗauki motar wani kwastoma zai mayar masa da ita garin Gazara. A tsakiyar gonakin rake motar ta rasa ƙarfi: yana taka totur ba ta ja, sai baƙin hayaƙi da wani siririn fito. Ya san iskar turbo, na'urar da ke tura wa injin iska, ce ke zurarewa.

Ya kashe injin, ya shige ƙarƙashin motar da fitilar waya. Ya tarar bakin tiyon turbo ya kwance, duk ya jiƙe da baƙin mai. Yana cikin ɗaurewa aka yi masa sallama, muryar dattijo.

"Sannu da aiki, ɗana. Kawo in haska maka."

Saminu ya miƙa wayar. Hannun da ya karɓa sanyi ƙalau, kamar an tsamo shi daga rijiya.

Ya ɗaure tiyon tam, amma fiton bai daina ba, alhali injin a kashe yake. Sai ya ji motar tana sauka a hankali, kamar ana loda mata buhuna, har ƙarfe ya danne masa ƙirji. Ya yunƙura ya fita, ya kasa.

"Baba, don Allah wa ke shiga motar?"

"Ba wanda ya shiga," in ji dattijon. "Tun Makarfi muke ciki."

Muryar a gefen kunnensa take yanzu, a ƙarƙashin motar. Duk numfashin da dattijon ya ja, sai fiton nan ya fita.