Allurar da Ba Ta Wuce Arba'in

Dab da magariba Attahiru ya jingine babur a ɗakin turansimita, injin watsa shirye-shirye, can bayan gari a hanyar Beri. Injiniyan gidan rediyo ne, kuma kafin shirin yamma sai ya duba allurar awo biyu da ke jikin inji. Ɗaya tana nuna ƙarfin da inji ke tura wa eriya, kilowat goma. Ɗayar tana auna nauyin muryar mai magana, daga sifili zuwa ɗari. In ta wuce ɗari, inji ya shiga uku.

Marigayiya matarsa, Zulaihatu, ita ke karanta gaishe-gaishe a tashar. Allah ya yi ta da sanyin murya, allura ba ta wuce mata arba'in. Shekara goma sha ɗaya yana tsokanarta: "Ɗaga murya, Zulai, mutanen Bobi ba sa jin ki." Ranar da ciwo ya kayar da ita, sau shida ta kira wayarsa, ƙarar fankar inji ta hana shi ji. Kafin ya isa gida ta cika. Abin da ke cin ransa ke nan: me ta so gaya masa?

Ya tayar da inji. Kebul ɗin da ke kawo murya daga sutudiyo a zare yake, ga bakinsa nan a ƙasa. Kamata ya yi allura ta kwanta.

Sai ta motsa. Ta hau arba'in, ta sauko, ta dakata daidai inda Zulaihatu ke jan numfashi.

Ƙanshin humrarta ya cika ɗakin.

Ya san matacce ba ya dawowa. Ya san abin da ke aron murya da magariba. Duk da haka hannunsa ya murɗa lasifikar gwaji.

"Attahiru… dama so nake in ce maka…"

Fanka ta cinye sauran. Maimakon a'uziyya, bakinsa ya faɗi abin da ya saba.

"Ɗaga murya, Zulai."

Allura ta hau sittin. Tamanin. Ɗari. Ta zarce.

Allurar ƙarfi ta kama rawa. Ƙaurin roba ya kori humra. Muryar ta kumbura, ta daina zama ta mace.

Ba daga lasifika take fitowa ba kuma. Daga bayan wuyansa.

Ya doke makashin wuta, ya fita da rarrafe. A gindin eriya Jumare mai gadi ya tsince shi yana kuka.

Kwana uku aka yi ana gyaran inji. Attahiru bai ƙara ce wa kowa ya ɗaga murya ba. In an ce masa ai aljani ne, sai ya ce ya sani.

"Amma kira na bakwai ke nan ban ji ba."