'Yar Barkono

La'asar ta yi sanyi, Auta tana tsakar gida tana guga, rediyo na kan taga yana ta aikinsa. Muryar mijinta ce ke fita, wanda masu sauraro suka sani da Abokin Yamma, mai shirin gaishe-gaishe da zaɓen waƙoƙi. Tashoshin sauran yankuna ma jonawa suke yi su ɗauki shirin kai tsaye, don haka in ya yi tari a situdiyo sai an ji shi har ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ita kuwa Auta, in ana ta yabon muryar a wurin ɗiban ruwa, sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, don ta san gidan da muryar take kwana.

Sai ga Yaya ta faɗo ko sallamar kirki babu. Ita ce babbar 'yar'uwarta, ita ta goya ta tun da mahaifiyarsu ta rasu Auta na rarrafe. Mace ce mai kirki, amma fa Allah ya yi ta da kunne, kuma abin da kunnen ya kwaso ba ya kwana a cikinta.

"Ke! Ajiye dutsen gugar nan ki ƙaro murya, yanzu zai yi!"

"Zai yi me, Yaya?"

"Ki dai kasa kunne, sakarya kawai."

Abokin Yamma ya gama karanto gaisuwar wani direba ga abokan tasharsa. Sai muryarsa ta sauka, ta yi laushi. "Kafin mu miƙa ku ɗakin labarai, ga waƙarki, 'Yar Barkono, daga wanda har yau bai daina jin yajinki ba."

Wata tsohuwar waƙa ta biyo baya, irin mai shuuu ɗin nan ta zamanin kaset.

"To, kin ji?"

"Na saba ji ai, Yaya. Saƙon mai sauraro ne."

"Mai sauraron ina? Kowa ya turo tes sai ya faɗi sunansa da unguwarsa, har da sunan akuyarsa in an bar shi. Wannan fa? Ba suna, ba unguwa, kullum waƙa ɗaya, lokaci ɗaya! Kuma kin ji yadda ya kashe murya? Yaushe rabon da ya yi miki magana da ita? Matan layinmu har tambayata suke ko ke ce Barkonon. Na ce ina, ƙanwata ko albasa ba ta kai ba!"

Auta ta yi dariyar yaƙe. Sai da ƙauri ya cika gidan sannan ta tuna dutsen guga na zaune a kan farar rigar mijinta.

Daga ranar barci ya ƙaurace mata. Kishi kumallon mata ne, in ya motsa sai an amayar, to nata ya motsa har wuya. In ya shiga wanka sai ta ɗauki wayarsa ta bi mesej ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu komai ba sai na furodusa da na mai gyaran babur. Maimakon hankalinta ya kwanta, sai ta ce ai ɓarawon da ya ƙware ba ya barin sawu. Ta shiga kasuwa, ta ga barkono a faifai, wallahi sai da ta harare shi.

Ran nan ta zuba abinci a kula, ta ce bari ta kai masa wurin aiki, alhali ita ta san abin da ya kai ta. Mai gadi ya gane ta, ya nuna mata hanya. Ta bi wani dogon baranda mai sanyin na'ura, ta wuce ɗakin da 'yan wasan kwaikwayo suke ta ihu a kan makirfo ɗaya, wani yana buga ƙwarya a tebur wai ƙarar kofaton doki. A ƙarshe ta iske ƙofa mai jar fitila a samanta. Furodusa, wata gajeriyar mata mai faɗa kamar zakara, ta ɗora yatsa a baki ta nuna mata kujera a bayan gilashi. Auta ta ƙare mata kallo daga ɗankwali har takalmi. A ranta ta ce, "Gajeriya, ga faɗa. Ko ke ce?"

Ta cikin gilashin tana hango shi, abin saurare a kunne, idonsa a kan kwamfuta, yana karanto saƙonni ɗaya bayan ɗaya, yatsansa na bin layi. Da furodusa ta ɗaga masa hannu alamar lokaci ya kusa, sai ya kau da kai daga kwamfutar. Bai dubi waya ba, bai dubi takarda ba. Ya lumshe ido, ya matso da bakinsa kusa da makirfo.

"Ga waƙarki, 'Yar Barkono…"

Daga kansa ya faɗa! Ashe babu wani tes, babu wani mai sauraro. Auta ta dire kular a kan kujera ta fice, hawaye na rige-rigen sauka.

Da ya dawo gida da kular a hannu yana murna, a tsaye ya same ta.

"Auta, kin zo ba ki jira ni ba? Furodusa ta ce…"

"Wace ce 'Yar Barkono?"

Ya ajiye kular a hankali. "Saƙo ne aka ba ni."

"Ƙarya ne! Da idona na gani, ba ka karanta komai ba. Rufe ido ka yi kamar mai shan zuma!"

"Saƙon da aka ba ka sau ɗaya aka ce ka riƙe, ai ba ya buƙatar takarda."

"Wa ya ba ka?"

"Amana ce, Auta."

"'Yar Barkonon mace ce dai ko?"

"Mace ce."

"Kana sonta?"

Ya ce, "Ban taɓa ganinta ba. Amma ina ganin girmanta ƙwarai."

Haba! Ai gara ma ya mare ta. Ta fashe da kuka. "To ka zaɓa, tunda kai ne sarkin zaɓe. Ko ka faɗa min wace ce, ko ka daina sa waƙar, ko ni na bar maka gidanka!"

"Na farko da na biyu ba a hannuna suke ba. Na ukun kuwa ina roƙonki don Allah kada ki yi. Ki ba ni lokaci in nemi izini."

"Izini! A wurinta?"

Idonsa ya yi ja, ya ɗauki wayarsa ya fita waje.

Washegari yana fita aiki ta haɗa kayanta. Yaya ta riƙe mata jaka suka hau mota zuwa garin Baba, tafiyar rabin yini. Duk hanya Yaya na zuba, "Na faɗa miki, namiji mai zaƙin murya ba na mace ɗaya ba ne." Auta dai ta jingina da taga, rabin zuciyarta na tafasa, rabin na tambayar ko wa zai goge masa riga gobe.

Baba tsohon tela ne, ido ya fara rauni amma ya ƙi rabuwa da kekensa. A ɗakinsa suka same shi, tsumma ko'ina a ƙasa, tabarau a kan hanci, yana fama da zare da allura. Bayan gaisuwa ya dubi jakar, ya dubi fuskar Auta da ta kumbura.

"Lafiya, Auta? Ina mijin naki?"

Yaya ce ta karɓe. "Baba, yaji ta yi, kuma ni na ce ta yi! Mutumin nan a gaban duniya yake cin amanarta. Kullum sai ya yi wa wata kirari a rediyo, wai 'Yar Barkono, wai bai daina jin yajinta ba. Ka ji rashin kunya!"

Allurar ta suɓuce daga hannun Baba. Ya sunkuya yana lalube a cikin tsumma, ya daɗe bai ɗago ba.

"Kin tambaye shi?" ya ce, kansa a ƙasa.

"Na tambaye shi, Baba. Ya ce wai amana ce. Na ce zan tafi, ya gwammace in tafi."

"Bai faɗa ba? Har kika fito bai faɗa ba?"

"Ko harafi."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ku sha ruwa tukuna," ya ce.

Suna nan zaune rana ta karkata. Baba ya dubi agogon bango, ya miƙa hannu bayan keken ya jawo wani ƙaramin rediyo da aka ɗaure bayansa da roba, ya ja eriya. Tashar yankin ta riga ta jona, muryar Abokin Yamma ta cika ɗakin. Ta dushe, ba wasa, ba barkwanci, har sunan wani ya karanta ba daidai ba ya ce a yi masa afuwa.

"Baba, kashe mana abin nan!" in ji Yaya.

Baba bai ko dube ta ba. Auta kuwa ta kafa wa rediyon ido. A ranta ta yi alkawari, in dai yau bai sa waƙar ba, to yana sonta, gobe da sassafe za ta koma. Ta runtse ido tana addu'a.

"Kafin mu miƙa ku ɗakin labarai…" Ya ɗan tsaya, ana jin numfashinsa. "Ga waƙarki, 'Yar Barkono, daga wanda har yau bai daina jin yajinki ba."

Auta ta ƙwalla ƙara. "Kun ji! Ko a jikinsa!" Ta zabura za ta murɗe rediyon, sai ta ji hannun Baba ya riƙe nata gam.

"Bar ta ta ƙare, Auta. Ta mahaifiyarku ce."

Tsohuwar waƙar ta ci gaba da shuuu ɗinta. Hawaye na bin gemun Baba, abin da ko Yaya ba ta taɓa gani ba. Sai da aka buga kiɗan labarai sannan ya saki hannunta.

"Ni ne wanda bai daina ji ba," ya ce. "Sunan da nake kiranta ke nan in mu biyu ne, ba wanda ya sani. Wannan waƙar muke saurara a rediyon maƙwabta lokacin da nake nemanta. Bayan ta rasu na nemi waƙar har na gaji, ba mai ita. Da yaron nan ya aure ki, na daure na cire kunya na tambaye shi. Ya shiga ma'ajiyar tasharsu yana zazzage tsofaffin kaset cikin ƙura, ni ina rera masa a waya da muryar nan tawa kamar ta kwaɗo, har ya gano ta. Ni na roƙe shi ya riƙa faɗin maganar nan, ni kuma na ce kada 'ya'yana su ji, kada a ce tsoho ya zautu. Jiya ya yi ta kira, ashe izini yake nema, wayar tana can wurin caji, sai ɗazu na karɓo na ga kiran. Laifina ne."

Yaya ta ja mayafi ta rufe baki. Yau dai an samu abin da ya fi ƙarfin harshenta.

Auta ta durƙusa, maganarsa na dawo mata. Bai taɓa ganinta ba, amma yana ganin girmanta ƙwarai. Ashe uwar da ita kanta ba ta san fuskarta ba ce ta kwana tana zagi a zuci! Kunya da nadama suka rufe ta, ta kifa kai a gwiwar Baba tana kuka.

"Baba, me ya sa Barkono?" ta tambaya da ƙyar.

Baba ya yi dariya cikin hawaye. "Kishi! In mace ta kawo ɗinki na auna ta, ranar ba ni da abinci. Sau nawa ta yi min yaji a kan tef ɗin awo! Ke kuwa ba ki bar komai ba, tas kika kwaso."

Ya miƙa mata tsohon tabaraunsa ta riƙe, ya share fuska. "Ki kira shi. Mutumin da ya yarda matarsa ta fita da ya tozarta tsoho, ba a barinsa ya kwana da yunwa."

Ta kira mijinta, bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wayar na hannunsa.

"Auta?"

"Na ji komai," ta ce. "Don Allah ka yafe min. Na yi maka mummunan zato, na ƙona maka riga, na harari furodusarku ba ta ji ba ba ta gani ba…"

"Ita ma ta ce in tambaye ki me ta yi miki. Ki dawo kawai, gidan ya yi min girma."

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ya zama ƙarya. Kuma duk wanda ka ga yana riƙe amanar wani har tana ƙona masa hannu, to ka kwantar da hankalinka, taka ma haka zai riƙe ta. Yaya ta koyi tauna magana kafin ta fitar, ko da yake ba kullum take tunawa ba.

Kafin su kama hanya da safe, Auta ta roƙi Baba alfarma ɗaya, ya gyaɗa kai. Da yammar ranar tana tsakar gidanta, sabuwar farar riga a kan tebur, ta zare wayar dutsen guga daga soket tukuna, sannan ta ƙaro muryar rediyo.

"Kafin mu miƙa ku ɗakin labarai, ga waƙarki, 'Yar Barkono, daga wanda har yau bai daina jin yajinki ba." Ana jin murmushi a muryarsa. "Da kuma autarki, wadda ta gaje ki. Allah ya ji ƙanki."

A can garinsu Baba ya ce amin, a nan ma Auta ta ce amin.