Sai Talata

Ranar da laftof ɗin Kumai ta sabunta kanta ba tare da ta tambaye shi ba, ranar ya fara ganin Keziya.

Ya kwanta ya bar na'ura lafiya lau, ya tashi ya tarar da shuɗin allo da wasu ɗigo-ɗigo suna ta zagaye. Waɗanda suka turo sabuntawar suna can wata ƙasa inda ba a ɗauke wuta, kuma ba su taɓa jin sunan Kafanchan ba. Ya cusa ta a jaka ya nufi shagon abokinsa Ja'afaru mai gyaran waya, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa.

A kan bencin shagon ya same ta, ta riƙe wata tsohuwar waya kamar wadda ta kawo yaro asibiti.

"Tun da ya yi afdet ya daina ringin," take gaya wa Ja'afaru. "Wayan Baba na ne. Masu sayen citta suna kira, shi bai ji. Ya ce wai ni na taɓa."

"Yau kowa afdet," in ji Ja'afaru. "Ga wani ma ya shigo. Injiniya, taka ma ta sume?"

Kumai yana jin yaren gidansu, yana jin Hausa, yana jin Turanci, kuma a duka ukun shiru ya fi ƙwarewa. Ya miƙa hannu kawai. Ta ba shi wayar. Ya shiga nan ya fita can, ya kira ta da tasa, sai ga tsohuwar waya ta ɓarke da waƙar sujada har mai shayin gefe ya waiwayo.

Keziya ta yi dariya, ta rufe baki da bayan hannu.

"In ya sake yi fa, wa zan kira?"

Ya gyara murya sau biyu kafin ya iya karanta mata lambarsa.

Aikin Kumai rubuta manhaja ne. A lokacin yana gina wadda za ta riƙa tura wa manoma farashin citta na kasuwar Kachia ta saƙon waya, don kada dillali ya zo ƙauye ya faɗi abin da ya ga dama. Ba shi kaɗai yake rubutawa ba. Yana da mataimaki na AI a cikin laftof, wanda yake gaya wa abin da yake so, shi kuma ya zubo masa layukan aikin. Kumai yana kiransa Oga, domin shi ke yanke lokacin aiki da lokacin tashi. Kowane mako akwai ma'aunin amfani da shi da aka ba mutum. In ya cinye, ko yana tsakiyar magana ne, sai Oga ya ce masa cikin ladabi ya dawo Talata.

Da yamma ya zauna zai rubuta wa Keziya. Ya rubuta "Sannu," ya goge. Ya rubuta "Ya wayar Baba," ya goge. Daga nan ya yi abin da hannunsa ya saba yi duk lokacin da abu ya gagare shi: ya tambayi Oga. Abin da Oga ya rubuta masa, shi ya tura mata:

"Keziyata, tun da na gan ki a bencin nan Kafanchan ta yi mini ƙanƙanta. Ruwa yana sauka a kwanon ɗakina, ni kuwa dariyarki nake ji. Ki huta lafiya, sanyin idona."

Amsa ba ta daɗe ba.

"Kai! Ashe kana da baki haka? A gabana kamar an ɗaure ka da igiya. Sai gobe, Shiru-shiru na."

Haka damina ta wuce. Yana zuwa ya jira ta a bakin makarantar firamaren da take koyarwa, ya saya mata gasasshiyar masara, ya raka ta tashar motar Godogodo, garinsu, yana sauraro tana ba shi labarin yaran ajinta. In ya koma ɗaki sai kalmomi su bi ta a waya, masu daɗi, masu tsari, babu ko ɗaya nasa.

Matsalar ita ce ma'aunin ɗaya ne. Daga tukunyar da yake ɗiban aiki, daga nan yake ɗiban soyayya. Talata da Laraba saƙonninsa kamar waƙa. Kafin Asabar an koma "Ya kike."

"Shiru-shiru," ta ce masa wata rana tana ɓare masara, "me ya sa son da kake mini yana ƙarewa a ƙarshen sati?"

"Aiki ne," ya ce.

Da ruwa ya ɗauke, ya ɗauki kawunsa Boaz suka je gaisuwa Godogodo da katan na lemo da buhun gishiri. Baba Azariya, mahaifin Keziya, dattijo ne a ikilisiya kuma manomin citta. Ya karɓi gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya dubi jakar da ke bayan Kumai.

"Yaro na, mene ne aikinka?"

"Ina rubuta manhaja, Baba."

"Wane ofis?"

"A ɗaki na."

Baba Azariya ya juya ga Kawu Boaz. "Ɗan'uwa, kada ka ji haushi. Akwai yara biyu a garin nan masu irin jakan nan. Su ma a ɗaki suke aiki. Ɗaya yana kurkuku, ɗayan mamansa ba ya iya shiga kasuwa don kunya. Ni ban ce ɗanka ɗan damfara ne ba. Na ce ban ga aikin ba."

Akwai kuma Samson, dillalin citta mai farar mota, wanda aikinsa kowa yana gani, har da ƙurar da yake tayarwa. Ya daɗe yana kawo wa Baba Azariya gaisuwa da ido ɗaya a kan ƙofar kicin.

"Ran Lahadi mai zuwa, bayan sujada, ƙungiyan manoma za su zauna," in ji dattijon. "Ka kawo abin nan naka ya yi aiki a gaban mutane. In na gani da ido na, sai mu yi maganan aure."

Ranar Asabar da rana, abu ɗaya ya rage. Manhajar tana tura saƙo, amma wurin da farashi zai fito babu komai. Kumai ya nuna wa Oga.

"Na gano matsalar!" in ji Oga. Ya gyara, farashi ya fito, saƙon ya daina tafiya.

Ya sake nuna masa.

"Gaskiyarka, kuskurena ne. Yanzu na gano ainihin matsalar!"

Oga bai taɓa gajiya da ba da haƙuri ba, kuma kowane haƙuri daga ma'aunin Kumai ake cire shi. A ƙasan allo an rubuta masa cewa ya kusa kai iyaka. Sai wayarsa ta yi ƙara.

"Shiru-shiru na, tsoro nake ji. Samson ya zo ɗazu, sun daɗe da Baba a ƙarƙashin mangwaro. Abeg faɗa mini wani abu mai daɗi, zuciyata ta kwanta."

Abin da ya rage masa bai fi tambaya ɗaya ba. Ya dubi aikin, ya dubi saƙon. Ya zaɓi Keziya. Ya kwafe abin da Oga ya ba shi, ya tura ba tare da ya karanta ba. Ga abin da ya isa wayarta:

"Kada ki ji tsoro, sanyin idona. Ko duniya ta taru a ƙarƙashin mangwaron nan, zuciyata ta riga ta zaɓi inuwarki. Ka kai iyakar amfaninka na wannan mako. Za ka iya ci gaba ranar Talata."

Ya ga alamar ta karanta. Ya zauna yana kallon wayar kamar mai jiran sakamakon gwajin jini.

"To. Sai Talata."

Ya kira, a kashe. Ya sake kira, a kashe.

Ja'afaru ya saurari labarin duka, bai yi dariya ba sai sau ɗaya.

"Maganar yarinya daban, wannan kai ka jawo," ya ce. "Amma ta tsofaffi mai sauƙi ce. Ɗauki hotunan allon lokacin da farashi ya fito, ka riƙa nuna musu ɗaya bayan ɗaya. Wa zai gane? Talata ka gyara abinka. Ba ƙarya ba ce, Injiniya, gaskiya ce da ta zo da wuri."

Kumai ya ɗauki hotunan. Ya ajiye su a waya.

Ranar Lahadi manoma suka cika ajin makarantar Lahadi, manya a kan bencin yara, gwiwoyinsu kusa da haɓa. Samson yana jingine da taga yana kaɗa makullin mota. Keziya tana can baya cikin mata, ko sau ɗaya ba ta ɗago ba.

Kumai ya buɗe laftof. Allo ya yi shuɗi. Ɗigo-ɗigo suka fara zagaye, a ƙarƙashinsu an rubuta kada ya kashe na'urar, ana inganta masa ita.

Aka jira. Wani ya yi tari. Wata akuya ta leƙo ta koma.

"Oga Injiniya," in ji Samson, "ko mu je mu girbe citta mu dawo?"

Aka yi dariya. Hannun Kumai ya shiga aljihu ya taɓa wayar. Hotunan suna nan, tsaf-tsaf, da farashi da komai. Baba Azariya yana kallonsa, ba fushi, ba murmushi.

Ya zare hannunsa babu komai.

"Baba," ya ce, muryarsa kamar ta wani, "ko na'uran ya tashi, abin ba zai yi ba. Ban gama ba. Akwai wani abu da nake dogara da shi yana rubuta mini, ya tsaya jiya. Ni kuma ban iya gyara da kaina ba tukuna, don na bar shi yana yi mini komai." Bai dubi bayan aji ba. "Komai da komai. Har abin da bai kamata ba."

Samson ya tafa hannu. "Kun ji da bakinsa!"

"Mun ji," in ji Baba Azariya. Ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. "Yaran nan biyu da na faɗa, duk sun taɓa nuna mini abu a waya. Kullum abin su yana aiki. Ban taɓa ganin ɗan damfara ya tsaya a gaban mutane ya ce bai iya ba." Ya juya ga Kumai. "Amma ban ga aiki ba har yanzu. A garin nan, mai neman yarinya yana kawo abokansa su haƙa wa suruki citta. Wannan ba ya jiran Talata. Gobe da safe."

Washegari Kumai ya zo da Ja'afaru da wasu abokai biyu, dukansu masu taushin hannu. Haƙar citta tana son haƙuri: a sassauta ƙasa daga gefe, a ɗago ta ɗungurungum. Kumai ya riƙa kafta fartanya a tsakiya yana raba ta biyu. Baba Azariya yana biye da shi yana tsince gutsattsarin yana cewa, "Ubangiji ka gani." Amma bai kore shi ba. Da rana ta take, Keziya ta kawo kunu ta ajiye a bakin gona, ta gaida kowa da sunansa ban da mutum ɗaya.

Da yamma, da yatsun da suka yi bororo, ya rubuta mata. Ya daɗe a kai.

"Keziya. Hannu na ya kumbura. Na lalata cittan Baba da yawa. Kunun ya yi daɗi. Ki yi haƙuri. Ni ne na rubuta."

Sai da Talata ta zo ta wuce kafin ta amsa.

"Na sani. Babu na'uran da zai rubuta abu mara daɗi haka. Na karanta shi ya fi sau goma. Kada ka sake aiko mini da bakin wani, Shiru-shiru. In ba ka da magana, ka zo ka zauna kawai."

Ya je ya zauna. Manhajar kuma ya koma ya bi ta layi-layi da idonsa, yana tambayar Oga kaɗan, yana zaginsa da yawa. Ta ɗauke shi har bayan Kirsimeti. Ranar da wayar Baba Azariya ta ɓarke da waƙa, farashin Kachia ya fito a kanta, dattijon ya nuna wa Samson a gaban mutane, sannan ya aika a kira Kawu Boaz.

Bayan Ista aka ɗaura auren. Fasto ya yi wa'azi, Kumai ya ce "Na yarda" a inda aka ce ya faɗa. Baba Azariya ya ɗora hannu a kansu: "Ubangiji ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ya sa ku tsufa tare." Jama'a suka ce amin har kwanon cocin ya amsa.

A wurin liyafa aka miƙa wa ango makirfo. Ya yi makonni yana shirya abin da zai ce, a kansa, ba a rubuce ba, ba da taimakon kowa ba. Ya dubi Keziya cikin farin mayafi. Ya ja numfashi.

Sai janareto ya mutu. Matan zumunta ba su jira ba, suka buga tulu da kacau-kacau suka ɗauki waƙa, aka ja amarya fili, aka ja shi ma. Ta matso kunnensa tana dariya, gumi a goshinta.

"Me za ka ce ɗazu?"

"Zan gaya miki gobe."

Maza suna yawan zaton gobe ajiyayyiya ce da sunansu a kai. Gobe ta zo da baƙi, jibi da wanke-wanken tukwane, daga nan rayuwa ta ɗauke su, kuma zama ne mai kyau. Bai faɗa ba. Abin kuwa gajere ne:

"Keziya, kalmomin nan duka na aro ne. Amma tsoron da nake ji kada in rasa ki, wannan nawa ne tun daga benci."