Yarinyar da Ba Ta Waiwaya Ba

Farantin tangaran ne ya suɓuce daga hannun Yaya Babba, ya tarwatse a tsakiyar falo. Kowa ya zabura, har Hajiya, mahaifiyar maigidan, sai da ta saki carbinta. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba: 'Yar Shiru, marainiyar da ƙanwar Malam, maigidan, ta rasu ta bari. A bayanta farantin ya fashe, amma ko waiwaye ba ta yi ba.

Amarya, matar Malam, ta lura da hakan. Ma'aikaciya ce a ofishin kula da yara, kuma a kwas ɗin da aka tura ta an koya mata lura da abin da yaro ya kasa yi. Ta durƙusa daidai tsawon yarinyar, yadda suke yi a wurin aiki. Nan ta ga shatin bulala a ƙwaurinta, sabo a kan tsoho.

"Taurin kai ne," in ji Yaya Babba, yayar Malam, wadda riƙon yarinyar ke hannunta. "Sai ki kira ta har muryarki ta dishe. Bulala kaɗai ke motsa ta."

Amarya ta roƙi mijinta a kai yarinyar asibiti a duba kunnenta. Da ya kawo maganar, Yaya Babba ta taso masa: "Kurma? A danginmu? Matarka ce ta zama likita?" Duka ya ci gaba.

Dokar aikin Amarya kuwa ba ta da kwana. Wanda ya ga rauni a jikin yaro dole ya sanar, kuma ba ya riƙe maganar danginsa da kansa, sai ya miƙa wa wani. Ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta gaya wa ogarta.

Da motar ofis ta tsaya a ƙofar gida, Hajiya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Hukuma a gidana? Kuma surukata ce ta kawo su?"

"Saboda katin asibiti da hutun haihuwa da suke ba ki, shi ne kika sayar da mu!" in ji Yaya Babba.

Hajiya ta juya ga ɗanta. "Ko ta ajiye aikin nan, ko ta bar gidan nan. Yau!"

"Hajiya, ki gafarce ni," in ji Amarya, hawaye na zuba. "Ko na ajiye aikin, idona ba zai manta abin da ya gani ba."

Ta dubi Malam. Kansa na ƙasa, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi mata ciwo a kan duk zagin. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan iyayenta.

Makonni suka shuɗe, kullum Amarya daga ofis sai ɗaki. Wata yamma ta ji sallama. Malam ne, ya rame, Hajiya na bayansa riƙe da hannun 'Yar Shiru. Wani ɗan abu na maƙale a bayan kunnen yarinyar.

"Ofishinku ne ya tilasta aka je asibiti," in ji Malam. "Zazzaɓin da ta yi lokacin rasuwar uwarta ne ya taɓa kunnen, mu kuwa muka ɗauka kewa ce ta hana ta magana. Da katinki na asibiti aka sa mata na'urar ji. Ashe kin sa sunanta a katin cikin iyalinki tun kafin ki tafi!"

"Tsaya ki gani," in ji Hajiya. Ta koma bayan yarinyar, ta rage murya. "Jikalle."

Yarinyar ta waiwaya. "Na'am, Kaka?"

Hajiya ta zube a kan tabarma tana kuka. "Kin gani? Muna ta dukanta a kan kiran da bai taɓa kai mata ba! Me zan ce wa uwarta gobe ƙiyama? Yayarku ko ido ta kasa haɗawa da yarinyar. 'Yata, ki dawo ɗakinki. Ki riƙe aikinki."

Malam ya matso. "Ki yafe mini shirun da na yi."

Amarya ta share fuska da gefen mayafi. "Na yafe. Amma kai ma sai ka shiga kwas ɗinmu."

Rufin asirin gida abu ne mai kyau, amma ba a rufa shi a kan raunin yaro. Wanda ya tsaya wa maraya ya yi haƙuri da fushin dangi, domin su ne za su zo su gode masa. Amarya ta kama hannun yarinyar, ta kira ta a hankali, don kawai ta sake ganin ta waiwayo.