'Yar Mai Gyaran Keken Ɗinki

Keken ɗinkin ya sake cin zare, ya tsaya cak. Tela ya ɗago ya dube ta.

"Makanikiyata, ba ki ji kukansa ba?"

Ta ji mana. Tun daga bakin ƙofa ta san allurar ce ta karkace. Yatsunta har ƙaiƙayi suke yi. Amma yayarsa na zaune a kan bencin shagon nasa, ta kafa mata ido.

Ta cusa hannuwanta cikin mayafi.

"Ban sani ba..."

"Ke? Ke da kika ce ko akuya ta fi ni iya kula da keke?"

Ba ta yi dariya ba.

A shagon babanta, mai gyaran kekunan ɗinki, suka fara haɗuwa. Tsohon bai da ɗa namiji, ita ce hannun damansa. Ranar ta fito daga ƙarƙashin tebur, baƙin mai har goshi, ta wanke Tela tas a kan dattin kekensa. Ya tafi yana dariya. Daga nan keken ya riƙa rashin lafiya duk mako, ko da lafiyarsa ƙalau.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa ta ce ba da ita ba.

"Mace mai warin mai, ga murya kamar kwandasta?"

Dama akwai 'yar gwaggonsa, shiru-shiru, wadda aka daɗe ana yi masa tanadi.

Yayarsa ce ta zo mata har gida da fuskar taimako.

"Ƙanwata, ina bayanki, amma sai kin taimake ni. Bar shagon babanki. Rage dariya. In namiji na magana, kalli ƙasa. Kin ga 'yar gwaggo? Haka Umma ke so. Kuma kar ki faɗa masa, 'yar mutunci ba ta tallar kanta."

Ta bi, saboda tana sonsa. Ta kankare faratanta har baƙin ya fita. Ta koyi tafiya a hankali, ta koyi haɗiye magana. Maƙwabta suka fara yabonta, wai yarinya ta yi hankali. Baba kuwa ya riƙa laluben ƙananan kusoshi da idanunsa da suka raunana.

Washegarin ranar da ta ƙi taɓa keken, Tela ya zo ƙofar gidansu da yamma.

"Abar ƙaunata, me na yi miki?"

"Ba komai."

"Yaya ta ce auren ne ba kya so, kunya ce ta hana ki faɗa."



"Ki ce ƙarya ne," ya ce. "Ki zage ni ma, kamar da. Wallahi zan ji daɗi."

Maganar ta taso har maƙogwaronta. Da a da ne, da tuni ta tara masa jama'a. Amma an yi ta ce mata 'yar mutunci, har ta fara tsoron rasa sunan. A tagar maƙwabta, labule ya motsa.

Ta kalli ƙasa.

"Duk yadda kuka gani..."



"In mai kallon ƙasa nake nema, ai tana gidanmu," ya ce a hankali. "Ke na zo nema, ban same ki ba."

Ba ta kira shi ba. Tana kallo har ya sha kwana.

Kafin shekara ta zagayo ya auri 'yar gwaggon. Yayar ta tare ta a hanya, tana murmushi.

"Kin ga yadda kika zama mace yanzu? Miji ba zai yi miki wuya ba."

A nan ta gane tarko yayar ta ɗana mata. Abin da ya fi ci mata rai, ko a lokacin sai da ta rusuna ta ce, "Na gode, Yaya."

Ta koma shagon Baba. Hannu bai manta aiki ba, bakin ne ya ƙi dawowa.

Wata safiya wata tsohuwa mai ɗinki ta kawo kekenta. Ta leƙa bayan shagon, ta dubi mai lulluɓin da ke kwance kusoshi ba ta ko tari.

"Baiwar Allah, ina yarinyar nan mai surutu, mai sa mu dariya har mu manta abin da ya kawo mu?"

Baba ya ajiye abin da ke hannunsa. Shi ma amsar yake jira.

Ta goge yatsunta da tsumma.

"Ba ta nan, Inna," ta ce. "Kawo in duba miki."