Garwashin da Ma'azu Ya Zubar

Lokacin cirar albasa ne. Ma'azu da ƙanensa Usaini suka kafa bukka a fadamar Rimawa suna gadin abin da suka tara. Da rana ta yi ja, Ma'azu ya ce ya gaji da gari da ƙuli. Ya kwaɓa fulawa da sukari da man shanu, ya fyaɗa ƙanana, ya jera cikin tukunya bisa garwashi, ya tula wani garwashin a kan murfi. Haka ya koyi gasa biskit tun yana aikin gidan burodi a Wurno.

Ƙamshi ya cika fadama. Usaini ya gangara bakin ruwa alwala.

Ma'azu ya ɗaga murfin da tsumma. Zafi ya ratsa hannunsa, ya watsa garwashin gindin tsamiya. Ko bisimilla bai yi ba.

Sai ƙara. Ƙarar jaririya, daga ƙasa.

Kwaɗi suka yi tsit. Ƙamshin ya ɗauke, ƙaurin gashi ya taso.

Wata mata na tsugune a ɗaya gefen wutar, rungume da abu cikin zane. Bai ji zuwanta ba. Wutar ma ba ta haska fuskarta.

"Wa yaƙ ƙona min ɗiya?" ta ce cikin raɗa.

"Inna, ki yi haƙuri. Wallahi ban gan ta ba."

"Ƙamshi taj ji, tar rarrafo."

Ya tura mata tukunyar. "Ga shi duka, ki ba ta."

"Da wane baki za ta ci?"

Ta yaye zanen. Ma'azu ya gani. Ya so karanta Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi.

"Kai ma kana da ɗiya. Mi as sunanta?"

Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Ko za ta kashe shi ba zai faɗa ba.

Can daga bakin ruwa Usaini ya ƙwala kira: "Baban Raihana! Magariba ta yi!"

Matar ta maimaita a hankali. "Raihana."

Ma'azu ya tashi da gudu, ya fizgi Usaini zuwa babur. Har gida Goronyo bai waiwaya ba.

Ya iske matarsa Bilki tana shafa bayan Raihana, yarinyar tana barci, ba ƙwarzane a jikinta. Ya yi hamdala.

Da safe aka ba ta kunu, ta tsala ihu. "Zafi!" Aka ba ta ruwan randa, ta ce zafi. Asibiti ba su ga komai a bakinta ba. Malamai suka yi rubutu, ta kasa sha.

Albasar ta ruɓe a fadama. Kullum da yamma Ma'azu yakan koma gindin tsamiyar, ya durƙusa yana kiran Inna, yana roƙon ta ɗauke shi maimakon yarinyar.

In ya dawo, Bilki ta tare shi a zaure. "Ta amsa?"

Sai ya girgiza kai, ya karɓi cokali, ya zauna kusa da Raihana yana hura kunun da ya daɗe da hucewa.