Dabinon Damagaram

Ƙawata Ya Fanna ce ta fara ba ni wannan labari, muna zaune a shanyarta ta bakin kogin Komadugu muna tsince ruɓaɓɓen tattasai. Na rubuta shi ne da ɗan karatuna saboda ku jikokina, don na ga idonku ba ya barin salula.

Lurwanu manomin tattasai ne a nan Diffa. Matarsa Ummusalma 'yar tsallaken ruwa ce, iyayenta na zaune a sansanin gudun hijira na Sayam tun da fitina ta koro su daga garinsu. A kasuwa ya gan ta, ya nace har aka ba shi. Danginsa sun yi ƙunƙuni, amma mahaifiyarsa Gumsu ta ce tunda yana so a bar shi. Suka zauna lafiya. Idan ya dawo daga gona Ummusalma ke cire masa ƙaya a ƙafa, yana tsokanarta wai hannunta ya fi ƙayar zafi.

Abu ɗaya ke damun gidan. Ciwon yana ya fara rufe idon Gumsu, ita kuwa ba ta da buri irin ta ga Ka'aba kafin duhu ya gama shigowa.

Ana saura wata guda azumi, da la'asar, ƙanin Gumsu, Kawu Maikano, ya yi sallama da salula a hannu.

"Yaya, Allah ya karɓi addu'arki. Umarar azumi a rabin kuɗi. Promo ce, in ji yara. Kujera uku ta rage, gobe za su rufe."

Gumsu ta kai salular har bakin hancinta. Hoton jirgi kawai ta iya gani, sai ga hawaye.

Ummusalma na gefe tana tankaɗe. Ta ce a hankali, "Kawu, ofishinsu yana ina?"

"A Yamai mana."

"Akwai wanda muka sani da ya bi su ya dawo? Kuma kuɗin nan har da biza da masauki, ko jirgi ne kaɗai?"

Kawu ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da kika tsallako ruwa da ƙullin tsumma a ka, ke za ki koya mana tafiya?"

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗenta. Bayan ya fita ta sami mijinta a ɗaki.

"Malam, na ji matan da suka je suna cewa bayan salla kuɗin umara yakan sauka da kansa. Mu bari tattasai ya bushe mu sayar da daraja, mu je wurin masu ofishi mai ƙofa. Wanda ke cewa biya yau ko ka rasa, ba ya son ka yi tunani ne."

"Na ji, Salma. Idon Inna fa, zai jira mu?"

Ta ƙyale shi. Shi ma ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne.

Ya sayar da tattasansa tun yana ɗanye a gona, dillali ya saya a wulaƙance. Ya tura kuɗin zuwa lambar wani mutum da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Aka ce tikiti da biza a Yamai za a karɓa.

Kun san al'adarmu, mai tafiya Makka ba ya fita a ɓoye. Aka sa ranar ban kwana. Ummusalma ta sake buɗe baki, ta ce a bari tikiti ya shigo hannu tukuna. Nan fa aka yi mata ca.

"Baƙin ciki take yi," in ji Kawu. "Kuɗin gonar take wa ido. Yaya, bakin yarinyar nan zai ɓata miki hanya. Ta tafi gidansu har ki dawo, in ta kama ma ta zauna can."

Gumsu ta juya fuska ga bango. "Babana," haka take kiran Lurwanu don sunan mahaifinta gare shi, "ko tasha ba na so ta raka ni."

Lurwanu da kansa ya sa matarsa a motar Sayam. Ya kasa haɗa ido da ita. Ta leƙo ta taga ta ce, "Maganin idon Inna yana cikin kwanon sama, kada a manta." Sai da mota ta tashi ta rufe fuska da mayafi.

Aka yi ban kwana, gida ya cika. Tun ranar mata suka fara kiran Gumsu Hajiya. Kowa da saƙonsa: wannan a roƙa mata haihuwa, wancan a roƙa fitina ta kwanta. Maƙwabciyarsu Mariyama, mai ɗa kwance ba lafiya, ta durƙusa ta ce ita ko cokali ɗaya na zamzam ya ishe ta.

Kawu ya raka Gumsu Yamai, tafiya mai karya ƙugu. Inda aka kwatanta musu ofishi, shagon mai faci suka tarar. Suka kira lambar, aka ce ai kuɗin biza daban ne. Lurwanu ya sayar da injin ban ruwa ya tura. Aka ce saura na masauki. Kafin a nemo wannan, lambar ta mutu. A ƙofar mai facin nan suka haɗu da wasu tsofaffi daga Maraɗi, su ma da jakunkunansu.

A hanyar dawowa, da suka iso Damagaram, Gumsu ta sauka gidan wata 'yar uwa ta ce ba inda za ta ƙara. Da wane ido za ta shiga Diffa? Kawu ya kawo dabara: ta ɓuya har bayan salla, a sayi dabino da carbi a kasuwa, a cika 'yan kwalabe da ruwa, ta koma a matsayin Hajiya. Har ya sayo dabinon.

Lurwanu ya rasa inda zai sa kansa. Ya nufi Sayam, ya tarar da matarsa a layin famfo, ta rame. Ya tsaya kamar wanda aka dasa.

"Salma, abin da kika faɗa..."

"Bar shi, Malam. Inna tana cin abinci?"

Ya girgiza kai, hawaye na zuba a gaban matan sansani. Ta ajiye jarkarta ta ce ya nemo kuɗin mota.

A Damagaram ta sami Gumsu a ƙuryar ɗaki, kwalin dabino a gefenta. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Kin zo ki yi dariya?"

"Na zo in kai ki gida, Inna."

"In ce musu me? Sun ci shinkafata, sun kira ni Hajiya."

"Ni ba takalmi na shigo Diffa, kowa ya gan ni, ban mutu ba. Kunya takan yi kwanakinta ta wuce. Amma idan Mariyama ta miƙo cokali saboda ɗanta, me za ki zuba mata?"

Gumsu ta lalubo hannun yarinyar ta riƙe, ta yi kukan da ta ƙi yi tun Yamai.

Da rana tsaka suka sauka a Diffa, Ummusalma na riƙe da hannunta. Kawu Maikano ya zame tun a tasha. Mata suka taho da guɗa, Gumsu ta ɗaga hannu ta tsayar da su.

"Ban je ba. An cuce mu. Wannan dabinon Damagaram ne, mai so ya ɗauka. Mariyama, ki yafe mini, ba ni da zamzam, amma gobe za mu raka ki likita." Ta juya wajen ɗanta. "Babana, a gaban mutane na kore ta, a gabansu nake mayar da ita. Duk wanda ya ƙara kiranta 'yar gudun hijira a gidan nan, da ni yake."

Gona ta tafi a banza, inji ya tafi, Lurwanu yana ƙwadago a gonar wasu. Idon Gumsu kuwa sai ƙara rufewa yake, Allah kaɗai ya san ko za ta ga abin da take so ta gani. Amma Ya Fanna ta ce da yamma ana jin dariyar Lurwanu da matarsa ta katanga, yana cewa hannunta ya fi ƙaya zafi.

To ku ji, jikokina. Araha ta gaskiya ba ta kora mutum da gudu. Ku nemi ƙofar da za ku iya komawa ku ƙwanƙwasa, ku nemi wanda ya je ya dawo, ku tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa, kuma kada ku tara jama'a kafin tikiti ya shigo hannu. Mai yi muku tambaya mai ɗaci a cikin gida ba maƙiyinku ba ne. Haƙurin Ummusalma bai dawo da kuɗi ba, amma ya dawo mata da ɗakinta da mutuncinta.

Washegarin ranar da Ya Fanna ta ba ni labarin nan, da safe, na ɗauki mayafina na tafi gaishe da Gumsu. Na tarar da kanta a cinyar Ummusalma, ana ɗiga mata magani. Na kira ta da sunanta na yanka, ba Hajiya ba, ta amsa. Ta lalubi kwalin nan ta miƙo mini dabino ɗaya, na zauna a tabarmarta na ci.